Makahon Kwabon Inna Yalwa

Hillat Ladan, gefen Abu Hujar
9 ga Safar, 1385

Zuwa ga taubashina Abdulmuttalib ɗan Kawu Maliki, a kasuwar Umdurman.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da Rabi'atu da yara. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Matata Lami ta ce a tambaye ka ko gaskiya ne ka koma cin kisra, wainar dawar nan, da cokali tun da ka kama aiki a kantin hawaja, Nasaran nan. Na ce mata ba mamaki, da ma tun kana yaro hannunka bai iya komai ba sai ɗaukar rabon wani.

To, bar wasa. Innata, Gwaggonka, ita ce ba ta jin daɗi. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, in ta taka daga ɗaki zuwa randa sai ta zauna ta huta. Na kai ta asibitin Sinja, hakim ya saurari ƙirjinta, ya ja ni gefe ya ce zuciya ce, in akwai abin da take so a yi mata, a yi shi bana.

Kai ka san abin da take so, duk hilla an sani, ƙauyen nan ba wanda bai ji ba. Shekara ashirin da bakwai ke nan da ita da Baba da mahaifinka suka baro Talata Mafara a ƙafa da niyyar Makka, ni da kai muna bisa jaki ɗaya. Baba ya rasu a Ubayyid, Kawu ya rasu a nan, ita kuwa har yau ba ta yarda a ce ta zauna ba. In baƙo ya tambaye ta garinsu sai ta ce, "Mu matafiya ne, mun ɗan tsaya." Ko lemo ba ta bari na shuka a gidan ba, wai wa zai tsaya ya sha.

Shekaranjiya ta kwance lalitar da ke ƙugunta, ta zazzage mini a tabarma, ta ce, "Guzurina ne, duba ka gani ko ya kai." Wallahi sai da na kau da kai. Kwabban ƙasarmu ne masu huji guda bakwai a zare ɗaya, da riyal na zamanin Halifan Umdurman da ya yi ja, sai makahon kwabon nan. Ka tuna shi? Wanda ba shi da huji a tsakiya, muna yara muna satarsa mu yi gare da shi ta bi mu da mara. A kasuwar Mafara aka haɗa mata shi cikin kuɗin akuyarta ranar da za a tashi. Ta miƙa shi a Gusau mai ƙosai ta ƙi, a Kano mai goro ya jefo mata shi, a Yarwa har dogari aka so a kira wai jabu ne. Abin da ya sa ya kawo yau ke nan, ba wanda ya yarda ya karɓa.

Na ji an ce hawajanka yana sayen tsofaffin kuɗi. Ka duba mini ko akwai abin da za a samu a cikin waɗannan. Abin da audugar bana ta bar mini ba zai wuce da mu Sannar ba.

Naka,
Sambo

Umdurman
4 ga Rabi'ul Awwal, 1385

Zuwa ga bawana Sambo, ɗan mace.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Ka ce wa Lami cokali gaskiya ne, kuma in ta zo zan koya mata, tunda mijinta da hauya yake ci. Labarin Gwaggo kuwa ya hana ni sukuni. Ka gaishe ta, ka ce mata ubangidan ɗanta yana yi mata addu'a.

Ba zan ɓoye maka ba, kwabbai bakwai ɗin nan ba su da wata daraja. Muna da irinsu cike da kwano a bakin ƙofa. Riyal ɗin Halifa ma, tunda ka ce ya yi ja, na ƙarshen zamani ne da aka cika wa tagulla, ana samunsa ko'ina. Amma makahon ya tsaya mini a rai.

Bari in koya maka sana'ata a kyauta, ko da yake kanka ya yi ƙarfi. Masu tara tsofaffin kuɗi ba tsufa kawai suke saye ba, abin da babu irinsa suke nema. A gidan buga kuɗi inji ne ke danna hatimi a kan ƙarfe, wani kuma ya huda. Wani lokaci ɗaya yakan kuɓuce ba a huda shi ba, ko hatimi ya sauka sau biyu, ko ya sauka a karkace. Akwai masu dubawa da ke tsince irin waɗannan su mayar a narke. Wanda ya tsere musu ya fito duniya, shi Turawan nan ke hauka a kai. Abin da mai goro ya jefar, shi suke sa wa cikin akwati mai auduga.

Sai dai akwai 'yan damfara da ke toshe hujin kwabo da dalma su goge, su ce haka ya zo. Don haka ka yi mini abu huɗu. Ka riƙe shi a hasken safe ka karkata, ka ga ko akwai zobe a tsakiya inda aka yi toshi. Ka ɗora shi a kan yatsa ka ƙwanƙwasa da wani kwabo, na gaske yana da amo mai tsawo, mai dalma kuwa muryarsa a mace take. Ka auna shi da ɗan'uwansa mai huji a mizanin mai kayan yaji, ka cike bambancin da ƙwayar dawa, ka faɗa mini guda nawa. Sannan ka shimfiɗa takarda a kansa ka goga fensir a hankali, gaba da baya, ka aiko mini da zanen.

Kuma ka kama bakinka. Ko Gwaggo kada ka yi wa bayani tukuna. Ka san ta, abin da ta ji da hantsi ya kai bakin bahar, wajen masu ɗiban ruwan kogi, kafin azahar, ga bakin mutane, ga kuma sa rai a kan abin da ba a tabbatar ba.

Ubangidanka,
Abdulmuttalib

Hillat Ladan
23 ga Rabi'ul Awwal, 1385

Zuwa ga Abdulmuttalib mai cokali.

Bayan gaisuwa, ruwa ya sauka, mun gama shukar dawa da riɗi. Inna tana nan yadda take, yau da sauƙi gobe babu. Ta ji daɗin gaisuwarka, ta ce a ce maka bawa ma ɗan wani ne.

Na yi duk abin da ka ce. Babu zobe, tsakiyarsa fili ne sumul kamar goshin jariri. Amonsa kuwa har Lami ta leƙo daga madafa. A mizani ya rinjayi mai huji da ƙwayar dawa goma sha shida, na sake sau uku don kada ka ce ban iya lissafi ba. Ga zanen nan na naɗe a ciki. Ka duba tauraron da ke bayansa. Ni dai idona yana nuna mini kamar kowane tsini yana da inuwa a gefensa, na sauran bakwai ɗin ba haka suke ba. Ya yi baƙi ƙirin da datti, ban sani ba ko dattin ne.

Ban yi wa Inna bayani ba, amma ka san ba a ɓoye wa tsohuwa abin da ake yi a kan tabarmarta. Ta ga ina ta juya shi, ta ce, "Mi kake nema ga wanga makaho?" Na ce ba komai. Ta matsa. Na ce kai ne kake son ganinsa, wataƙila wani ya saya a Umdurman, amma kada ta faɗa wa kowa. Sai ta ce, "Wa zai sayi abin da mai ƙosai ta ƙi?" Na ce Allah ke saye. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Ɗan'uwa, ka yi sauri da amsa. Tun ranar ta sa Lami ta wanke mata farin zanenta guda biyu ta ninke.

Sambo

Umdurman
10 ga Rabi'us Sani, 1385

Sambo, ina gaisuwa, kowa lafiya, yau ba ni da lokacin zaginka.

Alhamdu lillahi! Hawaja ya ɗora gilashinsa a kan zanenka ya daɗe bai ɗago ba. Idonka bai yi ƙarya ba, kuskure biyu ne a kwabo ɗaya: ba a huda shi ba, kuma hatimi ya sauka sau biyu. Ya ce shekara talatin yana wannan sana'a bai taɓa riƙe irinsa ba. Ya nuna wa wani Bature malamin makaranta a Hartum mai tara kuɗin ƙasarmu. Mutumin ya ce in ya gani da idonsa ya same shi yadda zanen ya nuna, zai ba da jine saba'in, fam na ƙasar nan. Ka ji da kyau, saba'in. In an haɗa da riɗinka, ya isa jirgin ƙasa daga Sannar zuwa Bur Sudan, da jirgin ruwa zuwa Jidda, kai da ita. Baturen zai bar ƙasar bayan azumi, don haka kada a yi sanya.

Yanzu ga abin da na manta ban faɗa maka ba a takardar farko. Kada a wanke shi. Kada a goge shi da komai, ko da bakin riga. Baƙin nan da kake kira datti shi ne shaidar shekarunsa, kuma inuwar tauraron siririya ce, toka kaɗai tana iya cinye ta. Ka karɓe shi daga hannun Gwaggo yau ɗin nan, ka naɗe a auduga, ka sa a ƙasan akwatinka. Yanzu kam ka yi mata bayani duka, ka ce mata rashin hujin nan shi ne kuɗin. Kada ka ba direba, ka kawo shi da kanka da zarar hanya ta bushe.

Ka ce wa Gwaggo ta fara koyon Labbaika.

Abdulmuttalib

Hillat Ladan
6 ga Rajab, 1385

Ɗan'uwana Abdulmuttalib, assalamu alaikum. Jikinmu lafiya. Ban san ta inda zan fara ba.

Takardarka ta goma ga Rabi'us Sani jiya ta shigo hannuna. Wata uku babu kaɗan. Harif ɗin bana, ruwan damina, ya yanke hanya, laka ta riƙe motoci tun daga Sinja, buhun wasiƙun busta ya kwana a can har ya yi funfuna. Ni kuma da na ji shiru na ɗauka zanen bai yi ba ne, kana jin nauyin faɗa mini. Na bar kwabon a lalitarta inda yake shekara ashirin da bakwai, na tafi yankan riɗi kwana goma sha biyu.

Ran Talata na dawo. Tun daga ƙofa na ga Inna zaune a kan kujera tana murmushi, rabon da in ga haƙoranta tun kafin ciwon. Ta ce, "Zo ka gani, na rage maka aiki." Ta buɗe hannu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwabo ne yana ƙyalli kamar sabon faranti, da huji a tsakiya, an zura masa sabon jan zare.

Lami ta ba ni labari. Kwana uku Inna tana dirzarsa da toka da tsamiya, da ya ƙi fita ta sa aka ɗebo mata yashin bakin bahar. Sannan ta dogara sanda ta tafi maƙerar Mati, matar da ba ta iya kaiwa randa, sau huɗu tana zama a hanya. Mati ya ce, "Inna, Sambo ya sani?" Ta ce, "Kwabona ne ko nashi?" Ta tsaya a kansa ya ɗora mai huji a sama ya auna, ya huda daidai. Ta biya shi da zakaranta.

Ta ce mini, "An kunyata ni da shi Gusau, an kunyata ni Kano. Ba za a kunyata ɗan ƙanena da shi gaban Nasara ba. Yanzu ba mai cewa jabu ne."

A lokacin ma jikina ya ba ni an yi ɓarna, don ka ce wanda ba a huda ba ake nema. Amma na ce wataƙila tauraron ya isa. Da na karanta takardarka jiya sai na zagaya bayan rumbu na zauna. Ban yi kuka haka ba tun Ubayyid.

Ga shi nan na ba Audi direba ya kawo maka, don ta rantse ba za ta ci abinci ba sai ya tafi. Mati ya ce zai iya cike hujin da azurfa yadda ba mai ganewa. Na san abin da ka ce a kan masu toshi, amma ai mu ba ƙarya za mu yi ba, da ma haka Allah ya yi shi. Don Allah ka duba ko akwai dabara.

Sambo

Umdurman
27 ga Rajab, 1385

Ɗan'uwana Sambo, wa alaikumus salam. Muna lafiya. Audi ya kawo saƙo.

Babu dabara. Na so in rubuta maka wani abu dabam, na yaga takarda biyu, amma gaskiyar ke nan. Toshi ba ya ɓuya a ƙarƙashin gilashi, kuma ko ya ɓuya, tauraron ya tafi. Yashi ya cinye inuwar gaba ɗaya, sai ƙarce-ƙarce. Abin da ya rage kwabo ne mai huji da aka goge, kuma hujin ma na maƙera ne, bakinsa ya nuna. Na cikin kwanonmu na bakin ƙofa sun fi shi daraja.

Duk da haka na kai wa Baturen, na haɗa da zanenka, na ce ga yadda yake wata huɗu da suka wuce. Ya ajiye su gefe da gefe ya yi ta kallo. Ya tambayi wanda ya yi wannan aiki, na ba shi labarin Gwaggo tun daga Mafara. Ya cire tabarau ya goge, ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma shi abin da inji ya yi yake saye, ba abin da ya taɓa kasancewa ba. Ya roƙi in bar masa zanen. Na hana shi, ban san dalili ba.

Kada ka ɗora wa kanka, kada kuma ka ɗora wa Mati. Ni ne na ce ka kama bakinka. Ni da nake hana mutane goge kuɗi kullum a kanti, na tsaya tsokanarka da cokali da hauya na manta kalma ɗaya. Da na ce a gaya mata tun farko, da yanzu ana ɗinka mata jakar tafiya. Wannan abu zai bi ni har kabari.

Na sayar da kekena, ga abin da aka samu Audi zai ba ka. Ba zai kai ku ko'ina ba, a saya mata magani da madara. Ga kwabon kuma na mayar da jan zarensa. Shawarata kada ka faɗa mata cewa hannunta ne. Ka ce Baturen ya fasa, ka ce ya tafi, ka ce duk abin da ka ga dama. Zuciyar da hakim ya saurara ba za ta ɗauki wannan ba.

Abdulmuttalib

Hillat Ladan
12 ga Zulƙida, 1385

Ɗan'uwana, assalamu alaikum. Ka yafe mini shirun, an yi azumi an yi salla ban iya ɗaukar alƙalami ba. Saƙonka ya iso, Allah ya saka. Yara lafiya. Inna kuwa kumburin ya hau har gwiwa, a zaune take barci yanzu, in ta kwanta numfashi ba ya fita.

Wata uku kwabon yana aljihuna ina ce mata ba a ji daga gare ka ba. Kullum in ta ji ƙugin mota sai ta ce Lami ta leƙa ko Audi ne. Ta raba wa maƙwabta tukwanenta. Ta bi gida gida a kan jakina tana neman gafara, kamar yadda mai tafiya ke yi, mutane suna ba ta saƙon addu'a, suna kallona, ni ina kallon ƙasa.

Ran Alhamis motar alhazan hilla ta tashi zuwa Sannar, mutum tara. Tun da asuba ta sa aka fito mata da kujera ƙofar gida, da ƙullin farin zanenta a cinya. Ba ta ce a kai ta ba, ba ta tambaye ni komai ba. Aka yi kabbara, mota ta wuce ta gabanmu, ta ɗaga musu hannu har ƙura ta kwanta.

Sannan ta ce, "Sambo, ba ni kwabona. Na ji amonshi cikin aljihunka tun kafin azumi."

Na ciro na ba ta. Ta shafa shi da yatsa, don idon ma ya fara tafiya. Ta ce, "Sun ƙi shi kuma ko?"

Na ce, "Sun ƙi, Inna."

"Ko da na gyara shi?"

Wallahi bakina ya buɗe zan faɗa mata, sai na ga yadda ƙirjinta ke hawa da sauka. Na ce, "Ko da kin gyara."

Ta daɗe tana zura ɗan yatsanta a hujin. Can ta kwance lalita ta ciro ɗaya daga cikin bakwai ɗin, ta haɗa su baki da baki tana lalube. Ta ce, "Ai ga shi. Na Mati ya fi ƙanƙanta. Na ce mashi ya buɗa da kyau, ya yi mani ganda, ga Nasara da ido. Ba laifin yaron nan Abdu ba ne, ka rubuta ka ce mashi kada ya ji kunya. A ƙara buɗa shi, a sake gogewa, baɗi sai a aika da wuri tun ba a yi ruwa ba."

Lami ta tashi ta shige madafa da gudu. Ni na zauna riƙe da ƙullin zanen da ta miƙo mini, ta ce a mayar akwati amma kada a sa shi can ƙasa.

Hakim ya ce da wuya ta ga damina. Ita kuma ta riga ta ware kazar da za ta biya Mati. Ta ce gobe in ɗaura wa jaki akumari, don ba za ta iya takawa ba wannan karon, kuma tana so ta tsaya a kansa da kanta har ya gama.

Na ce mata to. Gobe da hantsi zan kai ta.

Naka,
Sambo